Sa'a Guda a Kan Jinrikisha: Sharhi Kan Keken da Mutum Ke Ja a Unguwar Asakusa

Duk wanda ya fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Asakusa, a birnin Tokyo na ƙasar Japan, ya nufi babbar ƙofar nan da ake kira Kaminarimon, sai ya ci karo da su tun kafin ya kai ga ƙatuwar jar fitilar da ke rataye a tsakiyar ƙofar. Samari ne, da 'yan mata jefi-jefi, sanye da baƙaƙen riguna da matsattsun wanduna, kowanne riƙe da allon farashi mai ɗauke da hotuna, suna sunkuyar da kai ga masu wucewa suna yi musu tayin hawa. A gefen titi kuma kekunansu ne jere, baƙaƙe wuluk suna sheƙi, kowane da manyan tayoyi biyu da jar kujera da dogayen sanduna biyu da aka kwantar a ƙasa. Kwana biyu ina wuce su ina kawar da kai, domin zuciyata ba ta kwanta da in hau kujera in miƙe ƙafa wani ɗan Adam yana gudu a gabana yana ja na ba. A rana ta uku, wata safiya mai sanyi cikin watan Nuwamba, na yanke shawarar in gwada, ko don in san abin da nake ƙi.

Farashi shi ne abu na farko da zai sa mutum ya ja da baya. A kamfanin da na zaɓa, rabin sa'a ga mutum ɗaya ya kai kusan yen 10,000 a kuɗin Japan, sa'a guda kuwa ya kusa ninki biyu na wannan, alhali jirgin ƙarƙashin ƙasa zai kai mutum tsakiyar birni da abin da bai wuce 'yan ɗaruruwan yen ba. Idan mutum biyu suka hau tare, abin da kowanne zai biya yakan ragu sosai, saboda haka wanda yake shi kaɗai kamar ni shi ne ya fi jin jiki. Sai dai dole in yaba musu a kan abu guda: farashin a rubuce yake, babu ciniki, babu wani ƙari da zai ɓullo a ƙarshen tafiya, kuma ba a tsammanin tukuici, kamar yadda al'adar ƙasar take a sauran wurare. Na zaɓi sa'a guda, aka nuna mini taswirar unguwar, aka tambaye ni ko tarihi na fi so ko wuraren ɗaukar hoto, na ce tarihi.

Wanda ya ja ni saurayi ne da bai fi shekara 25 ba a ganina, kuma da ladabi ya fara aikinsa. Ya ajiye ɗan akwatin katako a ƙasa don in taka, ya danne sandunan da ƙafarsa kada keken ya motsa, sannan ya miƙo mini hannu. Da na zauna, ya shimfiɗa mini jan bargo a cinya, ya cusa gefunansa ta bayan gwiwoyina, ya ba ni wani ɗan ƙunshi mai ɗumi in riƙe a tafin hannu saboda sanyi. Daga nan ya yi mini gargaɗin cewa zan ji kamar zan faɗi ta baya, kada in tsorata. Ya shiga tsakanin sandunan, ya durƙusa, ya ɗaga su zuwa ƙugunsa, nan take kujerar ta kishingiɗa, sararin sama ya buɗe a gabana, na ga kaina a sama da kawunan masu tafiya a ƙasa. Abin da na fi lura da shi a wannan lokacin shi ne takalminsa, wani baƙin takalmin yadi mai tafin roba wanda aka raba babban yatsa da sauran yatsun, ana kiransa jika-tabi. Da waɗannan yatsun yake kama kwalta, da su yake tashi, da su kuma yake tsayawa, domin ƙafafun mai ja su ne birkin keken.

A danjar farko da muka tsaya na tambaye shi sunan abin da nake kai, domin kalmar da na sani ita ce riksho, wadda Turawan Ingila suka yaɗa a duniya. Ya yi murmushi ya ce sunansa na asali jinrikisha, ya kuma buɗe tafin hannunsa na hagu ya zana mini haruffa uku da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe da sandar a hammata. Na farko, jin, layuka biyu ne da suka jingina da juna kamar ƙafafun mai tafiya, ma'anarsa mutum. Na biyu, riki, ma'anarsa ƙarfi, kuma shi ne harafin da ke farkon kalmar rikishi, sunan da ake ba wa 'yan kokawar sumo. Na uku, sha, ma'anarsa abin hawa mai taya, kuma idan aka dube shi da kyau hoton amalanke ne da aka leƙa daga sama, da akwatinsa a tsakiya da sandar da ta ratsa shi ta haɗa tayoyin. Idan aka haɗa ukun, ma'anar ita ce abin hawa mai tafiya da ƙarfin mutum. Wannan ɗan darasi na minti ɗaya a bakin danja ya fi mini duk hotunan da aka ɗauke ni a ranar daraja.

Dalilin da ya sa aka ga buƙatar ambaton mutum a cikin sunan yana da alaƙa da zamanin da aka ƙirƙiro shi. Bayan sauyin mulki na 1868, wanda ya kawo zamanin Sarki Meiji, Japan ta buɗe ƙofa ga kayan Turai, kuma daga cikin abubuwan da suka bayyana a titunan Yokohama da Tokyo har da keken doki, wanda suka kira basha, wato abin hawa na doki. Da aka ƙera wanda mutum ke ja, sai aka sanya masa suna a kan wannan tsari, aka cire doki aka saka ƙarfin mutum. Harshen ya ci gaba da haifar da 'yan uwa ga wannan kalma: kisha jirgin ƙasa mai tururi, densha mai lantarki, jitensha keken da ake tuƙawa da ƙafa, jidosha kuwa mota, wato abin hawa mai motsa kansa. Har ma'aunin ƙarfin inji da ake kwatantawa da ƙarfin doki suna da kalmarsa, bariki, wadda ta ba ni dariya a kan kujerar, domin babu abin da ya haɗa ta da barikin da kunnen Bahaushe ya saba da shi sai kamannin sauti. Japanawa sun ma ƙirƙiri harafi na musamman wanda ba daga Sin suka aro shi ba kamar haruffa ukun farko, inda suka manna alamar mutum a gefen alamar abin hawa, ana karanta shi kuruma, kuma shi ne na gani rubuce a bayan rigar saurayin. Shi mai jan ana ce masa shafu.

Lokacin da kalmar ta shiga bakin Turawa a shekarun 1870, da cikakkiyar siffarta ta shiga, sannan a hankali suka gutsure ta, har zuwa shekarun 1880 ta koma riksho. Gaɓar da suka yar ita ce ta farko, jin, wadda ke nufin mutum, suka bar ƙarfi da abin hawa. Ba na zargin kowa da mugun nufi a nan, domin haka baki yake yi wa doguwar baƙuwar kalma, kuma su kansu Japanawa sukan taƙaita ta su ce rikisha. Amma wannan gutsurewar ce ta ba kalmar damar yin tafiyar da ta yi daga baya. Tun da babu mutum a cikinta, sai ta dace da keke mai taya uku da ake tuƙawa da feda a Dhaka, babban birnin Bangladash, ta kuma dace da babur mai ƙafa uku da ke aiki da fetur a biranen Indiya, wanda ake kira oto-riksha duk da cewa babu ƙarfin mutum a cikin tafiyarsa ko kaɗan.

Daga danjar muka gangara bakin kogin Sumida, kusa da jar gadar Azumabashi, inda ake hango dogon hasumiyar Tokyo Skytree mai tsawon mita 634 a tsallaken ruwa. A nan ne na fara gane ingancin keken kansa. Tayoyin roba ne, kujerar kuma tana kan sifirin, don haka babu jijjiga sai wani lilo mai laushi da ke bin takun mai gudu, kuma babu ƙarar inji, har ina jin numfashinsa da sautin tafin takalminsa a kan kwalta. Sirrin aikin, kamar yadda ya nuna mini, yana cikin daidaita nauyi: idan ya riƙe sandunan a daidai tsayin da ya kamata, nauyin fasinja yakan zauna a kan tayoyin, shi kuma abin da ya rage masa shi ne turawa gaba. Ya saki hannu ɗaya, ya riƙe keken da yatsu biyu na ɗayan don in gani da idona. Wahalar tana wajen tashi daga tsaye, da hawan tudu, da kuma gangara, inda keken ke neman ya ture shi. Na ga jijiyoyin ƙwaurinsa sun miƙe a wani ɗan tudu kusa da lambun Sumida, gumi kuma ya jiƙa ƙyallen da ya ɗaura a goshi duk da sanyin da ake yi.

Game da wanda ya ƙirƙiro keken, bayanin da ya ba ni shi ne wanda aka fi yarda da shi a Japan, cewa mutum uku ne, Izumi Yosuke da Suzuki Tokujiro da Takayama Kosuke, waɗanda hukumar Tokyo ta ba su izinin ƙerawa da yin haya da shi a 1870, suka fara aiki a kusa da gadar Nihonbashi. Bai ambaci ɗayan labarin ba sai da na tayar da shi, wato da'awar da ake yi cewa wani ɗan mishan Ba'amurke mai suna Jonathan Goble ne ya tsara shi a Yokohama domin matarsa da ba ta da lafiya. Ya ce ya taɓa ji, ya wuce. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne saurin yaɗuwar abin. Kafin zuwansa, mai hali yakan yi tafiya ne a cikin kago, wani ɗan akwati da ake ratayawa a jikin sanda mutum biyu su saɓa a kafaɗa, wanda ga tsada ga jinkiri ga takura. Keken ja ya rage ma'aikata zuwa ɗaya, ya ƙara sauri, ya sauko da farashi, har ya zama zuwa 1872 akwai kimanin 40,000 a Tokyo kaɗai. Masu ƙera shi irin su Akiba Daisuke suka ƙawata shi, suka fara fitar da shi zuwa ƙasashen waje.

Kowace ƙasa da ya sauka ta karɓe shi da nata sunan ko ta lanƙwasa na asalin. A Shanghai, inda ya isa a farkon shekarun 1870, an fara kiransa dongyangche, wato abin hawan da ya zo daga tekun gabas, ma'ana Japan, daga baya aka koma kiransa huangbaoche saboda launin rawaya da ake shafa wa na haya. Ya isa Singafo a 1880, kuma har yau akwai tsohon gini a can mai suna Jinrikisha Station, wanda ya riƙe cikakkiyar kalmar ko da yake an hana sana'ar a birnin tun 1947. Faransawa suka kira shi pousse-pousse, wato tura-tura, sunan da ake amfani da shi a Madagaska har gobe. A Durban ta Afirka ta Kudu, inda aka kawo shi a farkon shekarun 1890, Zulu masu jansa sun yi suna da manyan hulunan ƙaho da duwatsun ado. A mafi yawan waɗannan wurare sana'ar ta matalauta ce, baƙin haure daga ƙauye waɗanda ke hayar keken kullum daga hannun mai shi, suna tsufa da wuri, shi ya sa gwamnatin Sin ta kawar da ita bayan 1949 a matsayin alamar danniya, majalisar jihar Bengal ta Yamma a Indiya kuma ta zartar da dokar hana ta a Kolkata a 2006, ko da yake ba ta ɓace daga lungunan birnin ba.

Wannan tarihin ne ya sa na yi ta kawar da kai kwana biyu, don haka na tambayi saurayin kai tsaye ko aikin bai zame masa ƙasƙanci ba. Ya ce shi ya nemi aikin da kansa, ya yi makonni yana horo kafin kamfanin ya yarda ya ɗauki fasinja, kuma an jarraba shi a kan tuƙi da dokokin hanya da tarihin unguwar. Ya ce abokan aikinsa da yawa ɗalibai ne ko masu sha'awar wasan kwaikwayo ko 'yan wasannin motsa jiki, waɗanda ke son aikin saboda hulɗa da mutane. Ban ɗauki maganar ma'aikaci a gaban abokin ciniki a matsayin hujja ta ƙarshe ba, amma abin da na gani bai saɓa mata ba. A Japan keken ja ya daina zama hanyar sufuri tun da taragun lantarki da motocin tasi suka ƙwace masa fasinjoji a farkon ƙarni na 20, ya dawo ne daga shekarun 1970 a matsayin abin nishaɗin masu yawon buɗe ido. Wanda ke tsakanin sandunan a yau ɗan rakiya ne mai bayani, mai ɗaukar hoto, mai ba da dariya, kuma tsadar da na koka da ita a farko ita ce ke biyan wannan gumin da farashin da ya dace da shi.

Sashen tafiyar da ya fi burge ni shi ne bayan babban wurin ibadar mabiya Buddha na Sensoji, inda cunkoson jama'a ke yankewa kwatsam, a shiga wasu tsit ɗin lunguna masu ƙananan gidajen abinci da ƙofofin katako. Ya nuna mini ofishin da ke tsara ayyukan geisha na unguwar, wato mata masu nishaɗantar da baƙi da kiɗa da rawar gargajiya, ya ratsa da ni ta gefen Hanayashiki, wurin shaƙatawa da aka buɗe tun 1853, ya kuma kai ni wani ƙaramin wurin ibada a kan tudu, Matsuchiyama Shoden, inda masu ziyara ke kai daikon, wani farin kayan lambu mai siffar karas, a matsayin sadaka. Da ƙafata ba zan taɓa gano waɗannan wuraren ba, a cikin mota kuwa da na wuce su ban ankara ba. Tsayin kujerar da saurin tafiyar, wanda ya ɗan fi sassarfa, sun dace da kallon gari ƙwarai: mutum yana ganin saman katanga da rubutun da ke kan rufin shaguna, yana kuma da lokacin da zai juya ya sake duba abin da ya ja hankalinsa.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ya kamata mai niyyar hawa ya san su. Doka ta ɗauki keken a matsayin ƙaramin abin hawa, saboda haka a gefen hagu na titi yake tafiya tare da motoci, ba ya shiga titin kasuwar Nakamise ko harabar Sensoji, kuma a manyan tituna mutum yakan sami kansa a bayan bas yana shaƙar hayaƙi. Tsayuwar danja tana cikin lokacin da aka biya, kuma a unguwa mai yawan mahaɗar hanyoyi kamar wannan ba ƙaramin kaso take ci ba. Na ce tarihi nake so, amma sau huɗu ana tsayar da ni don hoto, kowane da irin tsayuwar da aka riga aka tsara, har da wadda ake sa mutum ya ɗaga hannu kamar yana riƙe da hasumiyar, abin da bai dace da shekaruna ba. Turancin saurayin yana gudana sumul muddin yana kan bayanin da ya haddace, amma da na kauce da tambaya sai mu koma ga nuni da hannu da manhajar fassara ta waya. Sannan akwai idon jama'a: duk inda muka bi ana ɗaga waya ana ɗaukar mu, wanda ba ya son a kalle shi zai takura matuƙa.

Ga wanda zai gwada, rabin sa'a ya isa a ɗanɗana tafiyar, amma ba zai kai mutum lungunan bayan Sensoji da natsuwa ba, kuma can ne kuɗin ke halatta. Safiya ta fi, kafin tituna su cika. Tsofaffi da masu ciwon gwiwa za su amfana fiye da kowa, domin hawan ba shi da wuya da taimakon akwatin takawa, rumfar keken kuma tana kare rana da yayyafi, ko da yake idan aka ɗaga ta tana rage abin da ake gani. Yana da kyau mutum ya faɗa tun farko, a fili, cewa hoto ɗaya ko biyu sun ishe shi, ya kuma ɗan zanta da masu jan kafin ya zaɓa, tun da kekunan duk iri ɗaya ne, bambancin yana wurin wanda zai shiga tsakanin sandunan. A ma'aunina na ba wannan hidima huɗu cikin biyar, na cire ɗaya saboda hotunan da ban nema ba da mintunan da danja ta cinye.

Da muka dawo kusa da Kaminarimon, ya sauke sandunan a hankali har ƙasa, ya danne su da ƙafa, ya janye bargon ya ninke shi gida huɗu, sannan ya miƙo mini hannu na sauko. Na ba shi takardar da aka rubuta mini rasit a kai, na roƙe shi ya rubuta mini haruffa ukun nan a bayanta da alƙalami, domin waɗanda ya zana a tafin hannu ba su bar alama ba. Ya dafa takardar a kan jar kujerar ya rubuta su daga sama zuwa ƙasa, ya ƙara na huɗun da ke bayan rigarsa a gefe, ya miƙo mini da hannu biyu yana sunkuyar da kai. Kafin in gama sanya ta a aljihu har ya ɗauki allon farashinsa ya koma bakin titi, yana yi wa wasu tsofaffi biyu, mata da miji, tayin hawa.